Rasuwar Mai Tuni, Manhajar Masu Shara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa kuma a miƙe zuwa ga Mai Gilashi na ɗakin kwamfuta, Uwar Tsintsiya, shugabar masu sharar wannan bene shekara goma sha tara, tana sanar da rasuwar Mai Tuni, manhajar da ke raba musu aiki ta waya. Ta ce a rubuta ƙarara: ba kwananta ne ya ƙare ba, kashe ta aka yi. Sau biyu ta sa aka karanta mata wannan takarda, a bakin mutum biyu daban, don yanzu ba ta yarda da kowa ba.

Marigayiya ta yi shekara shida tare da su. Abu biyu kawai ta sani a duniya: wa zai share wane hawa, wa kuma bai zo ba. Tana da maɓalli kore guda, babba kamar murfin kwalba. Uwar Tsintsiya ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta danna ta yi magana, mata goma sha huɗu sun ji. In ta sake dannawa, marigayiya ta amsa da muryarta mai sanyi: “Ƙirrr. Hawa na uku, ɗakin taro, kafin ƙarfe tara.” Ba gulma, ba raini. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ta ko ta iya karatu ba.

Ciwon ajali daga masu ƙaunarta ya fito. Irin manhajar nan ce da ba ta da ubangida ɗaya, cikinta a buɗe yake, masu sa kai daga ko'ina kowa na cusa hannu. Mai Gilashi yana cikinsu, har taƙama yake yi. Suka ɗora mata wurin hira. Suka ɗora mata taron bidiyo. Mace da mofar goge ƙasa a hannu, me za ta yi da taron bidiyo? Suka ƙara wurin ƙuri'a da wasu 'yan fuskoki masu yaƙe. Baiwar Allah ta kumbura, waya ta riƙa zafi kamar dutsen guga, kafin ta buɗe an gama goge matattakala.

Sai masu sa kan suka zauna shawara kan inda za ta dosa. Rabi suka ce ta koma ta manyan ofisoshi, rabi suka ce a bar ta yadda take. Aka yi ƙuri'a, a rubuce. Aka cire maɓalli kore, wai babu wanda ya nemi a bar shi. Da Uwar Tsintsiya ta tare Mai Gilashi a bakin lif, cewa ya yi ƙofa a buɗe take, kowa na iya rubuta kokensa. Rubuta! Da wane hannu?

Ranar Alhamis da safe marigayiya ta yi kalmarta ta ƙarshe: “Ƙirrr. Hawa na...” Sai fuskar waya ta yi fari fat. Ran nan mata uku suka haɗu a bayi ɗaya, ɗakin taro kuwa ko tsintsiya bai gani ba.

Kwana biyu tsakani manaja ya kira Uwar Tsintsiya: dole shugaba ta iya karanta jadawali, in ba haka ba ta miƙa makullai ƙarshen wata. To wa ta iya karatu a cikinsu? Doguwa, ƙanwar matar Mai Gilashi, wadda ta zo wata takwas da suka wuce, har yau ba ta iya matse mofa ba. Uwar Tsintsiya dai ido gare ta, kuma ta ga su ukun, manaja da Mai Gilashi da Doguwa, suna dariya a bakin taga.

Marigayiya ta bar 'ya'ya biyu, don masu sa kan rabuwa suka yi baram-baram, kowane ɓangare ya haɗa tasa manhajar. Babbar ƙatuwa ce, ta iya komai ban da magana. Ƙaramar ta waɗanda suka yi fushi ce, siririya, ita ma bebiya, an ce za a sa mata baki nan gaba. Ta kuma bar marayu goma sha huɗu, da waya ɗaya mai tsagaggen gilashi.

Za a yi jana'iza ranar Litinin, ƙarfe goma na safe, a ɗakin ajiyar bokitai da ke ƙarƙashin matattakala. Uwar Tsintsiya da kanta za ta danne hoton marigayiya a fuskar waya har ya yi rawa, ta goge shi. Ba a karɓar ta'aziyya a rubuce. Dole manaja ya zo. Mai Gilashi ma dole ya zo ba kwamfuta a hammata, ya tsaya gaban mata goma sha huɗu ya faɗa da bakinsa wa ya fara cewa a cire maɓallin, kuma don wa. Makullai suna ɗaure a ƙugun Uwar Tsintsiya. Mai son su ya fara kawo amsa.