Yadda Ake Toshe Hanyar Ruwa a Karɓi Shaidar Kare Muhalli

Kai mai shirin dasa bene a kan hanyar ruwa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za a miƙo maka shaidar kare muhalli, har da tafi.

1. Fara gini, bincike ya biyo baya

Wai ƙa'ida ce a duba ƙasa, a san inda ruwan sama ke bi, sannan a yi zane. Wa ke da wannan lokacin? Zuba kankare. In mai bincike ta tarar da bene a tsaye, kunya ma ba za ta bari ta ce a rushe ba.

2. Ladabtar da mai zane

Zai zo yana sosa ƙeya: "Ranka ya daɗe, a bar wa ruwa hanya ta gefe." Tambaye shi ko ruwa na biyan haya. Shaguna za a jera a wurin.

3. Zaɓi rana

Gayyato mai bincike a tsakiyar rani, kwari ya bushe ƙayau. In ta tsuguna ta damƙi yashi ta ce, "Malam, nan ai magudana ce," ka ce tifa ce ta juye shi jiya.

4. Hayo itatuwa

Mai sayar da shuke-shuke na ba da haya. A binne su da ledarsu. Ja wa direban da ya kawo su kunne, kada ya zo kwashewa sai motar mai bincike ta sha kwana.

5. San inda ruwan zai koma

Ba ɓacewa zai yi ba, gangarawa zai yi. A gangaren akwai shagon tela, akwai gidan da ka girma, inda mahaifiyarka ta ƙi tashi. Tela ba shi da lauya. Ita kuwa uwa ce, za ta yafe.

6. Rataye shaidar can sama, kada ta jiƙe

Ranar ruwan farko Inna za ta bugo waya: "Ɗan nan, ruwa ya kai bakin gado. Daga ina yake fitowa ne?" Ka yi ajiyar zuciya ka ce sauyin yanayi ne, duk duniya ake fama.

Gargaɗi: shaida na yi maka alkawari, ka kuwa samu. Katifar Inna, keken tela, da kallon da za ta yi maka ranar da maƙwabta suka nuna mata benen, duk naka ne, babu hannuna. Kada kuma ka wahalar da kanka wajen nuna wa ruwa takardar, bai iya karatu ba.