Injin Ɗumi Daidai da Daɓen Kaka

"Lafiya lau, ɗan kwikwiyona, in ban da sanyin da ka kawo min gida."

Da haka Kaka Bok-rye ta amsa gaisuwar jikanta Dong-hwi, tun bai gama cire takalmi ba. Jiya ya sa aka girka mata sabon injin da ke tura ruwan zafi ta bututun ƙarƙashin daɓe, yau kuma dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙauyen. Babansa ya riga ya yanke hukunci: in ɗakin tsohuwa ya sake yin sanyi bana, sai a kwashe ta zuwa Seoul, can saman bene, inda ko tulun kimchi, kabejin nan da take tsimawa da yaji, ba ta da wurin binnewa. Tsoron hakan take ji, Dong-hwi ma ya sani, amma ko a mafarki ba za ta furta ba.

"Kaka, kin kunna shi kuwa, ko harararsa kike tun jiya?" in ji shi.

"In kunna me? Na aike ka sayen sa, ka dawo min da ɗan akuya. Na gidan maƙwabciyata Mal-sun ya ninka wannan. In ya tashi, har tagogi rawa suke."

"Ya tashi da ruri, ya mutu kafin ta gama hamma, ya sake tashi. Kananzir yake sha kamar yadda mijinta ke shan giyar shinkafa, ga daɓen rabi wuta rabi ƙanƙara. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa."

"Ji min yaron da na wanke wa gindi! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Faɗin gidana pyeong sittin ne a awonmu na fili, duk ƙauyen nan an sani."

"An sani, tunda ke kike shela. A awon naki kin haɗa da tsakar gida, da dandamalin tuluna, da gonar kabeji, har da ɗakin kare."

"Ba nawa ba ne?"

"Naki ne, amma ba bututu a ƙarƙashinsu. Daɓen da kike kwana a kai na auna, na duba bango da tagogi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ko kabejin ne ya ce miki yana ciwon gwiwa?"

"Karen ya fi ka ladabi."

"Ya kuma fi ki haƙora. Af, Kaka, wadda ba ta kunna inji ba, ina safarki? Ina rigar audugar da ko wanka da ita kike?"

Tsohuwa ta ja ƙafarta ta ɓoye cikin siket. An kama ta, ita kuwa in an kama ta hukunci ɗaya ta sani.

"Tashi ka koma bakin ƙofa, marar kunya."

Kusurwar nan Dong-hwi ya san ta sarai. Tun yana ƙarami can take tura shi in ya yi laifi, wurin da ɗumi bai taɓa kai wa ba ko a zamanin da ake ɗumama daɓen da itace. Ya je ya zauna, ya tuɓe safa, ya miƙe ƙafa, ya kishingiɗa yana fito.

"Ƙarya kake, daurewa kake yi," in ji Kaka.

Ta rarrafo ta cusa hannu ƙarƙashin shimfiɗar da ya kishingiɗa a kai. Ta janye, ta koma tsakiyar ɗaki ta taɓa, ta sake dawowa. Ɗumin iri ɗaya ne, a hankali yake tasowa. Idonta ya kawo ruwa don murna, ta yi maza ta ɗora laifin a kan hayaƙin da babu shi.

Sai ta fashe da dariya, ta jawo gasasshen dankalin da ta ɓoye cikin bargo, ta zaɓi mafi girma ta dangwara masa a hannu.

"Kira ubanka ka ce kada ya ɓata man motarsa, ina nan daram. Kai kuma ka cuce ni. Yanzu in ka yi min rashin kunya, wace kusurwa zan tura ka?"