Jirgin Da Bai Jira Ya Cika Ba

Shekara arba'in ina shiga motar Karaye zuwa Kano, ban taɓa ganin wadda ta tashi da gurbin mutum ɗaya ba. Da wannan ilimin na tafi hawa jirgin ƙasa, zan je sunan jikata a Minna, wajen 'yata tilo.

Mota biyu na hau kafin na isa wata 'yar tasha, daga darbejiya sai benci ɗaya. Jirgi na tsayawa na shiga, na kama wuri da ƙullin daddawa da zanen goyo, na ƙirga kujerun da ba kowa, goma sha ɗaya. Sai na ɗauki butata.

Matar da ke kusa da ni ta ce, "Iya, kar ki sauka, yanzu zai tashi."

Na ce, "Ke yarinya, ya tashi da wa? Bai cika ba."

Ina raka'a ta biyu na ji ƙasa tana girgiza. Ban katse ba, ni ba a gaggauta ni. Da na sallame, daga ni sai wata akuya.

Ma'aikacin tasha ya ce, "Sai mako mai zuwa, Iya." Na zauna a bencin har la'asar, ba ko wanda zan yi wa faɗa.

Aka raɗa suna ba ni. Direban da ya dawo da ni kuwa ya baza labari. Har yau in na ratsa tashar mota sai su ɗaga murya: "Iya, hanzarta, jirgi saura mutum ɗaya!" Nakan harare su, amma ina rage sauri, don a gida ba mai tsokanata.