Kwamared Mu-Zauna da Yajin Matan Masaƙa

Duk wanda bai taɓa ganin shugaban ƙungiyar ma'aikatan masaƙarmu ba, an cuce shi. Allah ya yi masa tsayi, ya yi masa tumbi, ya kuma ba shi muryar da ba ta buƙatar lasifika, ko da yake ba ya rabuwa da ita. In ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, sai ka rantse gobe masaƙar za ta koma hannun talakawa. Hannun nan kuwa, tun da aka zaɓe shi, bai ɗaga abin da ya fi kofin shayin ofishin manaja nauyi ba. Sunansa a wurinmu Kwamared Mu-Zauna, domin kowace ƙara aka kai masa, amsar ɗaya ce: "Mu zauna tukuna." An zauna har kujerun ofishinsa sun lotsa.

A fannin tarihi kuwa ba a magana. Babu yajin aikin da aka taɓa yi a duniya wanda bai haddace ba, na 'yan jirgin ƙasa, na masu haƙar ma'adinai, na 'yan dakon tashar jirgin ruwa. Yadda yake ba da labarin, sai ka ɗauka shi ya riƙe musu tuta. Abin mamaki, a duk tarihin nan nasa ba a taɓa haihuwar mace ba.

Ana haka aka kori Maijego, wata ma'aikaciya a sashen kaɗi. Laifinta shi ne ta fita bakin ƙofa ta shayar da jaririyar da kakarta ta kawo mata tana tsala kuka. Ita ce ke riƙe da gidansu, in aikin nan ya tafi, tukunya ta sauka ke nan. Ran matan ya ɓaci ƙwarai, suka ɗunguma ofishin Kwamared suka ce a tafi yajin aiki.

Ya miƙe, ya gyara hula, ya kunna lasifika a ɗakin da bai fi shagon tela ba.

"Iyayenmu mata, abin alfaharinmu," in ji shi, "yajin aiki kimiyya ce, ba a faɗa mata da ka. Ba na raina rawar da kuka taka a tarihi. Ku ne kuke kawo wa mazaje ruwan sanyi a bakin ƙofa, in an yi nasara ku rangaɗa guɗa. Wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce. Mu zauna tukuna."

Nan take ya kafa Kwamitin Bincike Kan Harkokin Shayarwa. Duk 'yan kwamitin maza ne, shi ne kuma shugaba.

Washegari matan suka shigo kamar kullum, suka ɗaura kallabi, kowacce ta kashe injinta ta zauna a gindinsa. Da zare ya daina fitowa, masu saƙa suka tsaya, masu rini suka bi bayansu. Masaƙar da ba ka jin maganar na kusa da kai ta yi tsit. Babban masanin yajin duniya kuwa, a bakin manaja ya ji labarin wanda ake yi a ƙasan ofishinsa. Ya sauko yana haki.

"Wannan yaji haramtacce ne," ya faɗa ta lasifika. "Kwamiti bai zauna ba. Wa ya ba ku izini?"

Yayarsa, wadda ta goya shi yana yaro, a sashen rini take. Ko tashi ba ta yi ba.

"Ƙanena, kashe abin nan, ba kurame ba ne mu. Yaushe ka taɓa jin mace ta nemi izini kafin ta yi yaji? Kalmar ma a wurinmu kuka ara, kuka liƙa mata 'aiki' a wutsiya. Kai da takalminka ya ƙare a hanyar gidan surukanka, ai ka san abin da ke bin bayan yaji. Hau ka ce wa manaja ya zo biko."

Kwamared ya hau. Ya sauko da amsa, aka kora shi ya sake hawa. Haka ya yini tsakanin sama da ƙasa, gumi ya jiƙa rigar, duk wanda ya ci karo da shi a matattakala sai ya raɗa masa cewa yana "tuntuɓar ɓangarori a babban mataki". Kafin a tashi aiki manaja ya sauko da ƙafarsa, murya ƙasa-ƙasa kamar kowane ɗan biko. Aka mayar da Maijego bakin injinta, aka kuma ware wa masu shayarwa ɗaki.

Sai ga 'yan jarida. Kwamared ya kutsa ta tsakiyar matan, ya tura tumbi gaba, ya fara ɗaga hannun nan mai tarihi. Daidai lokacin kallabin Maijego, wadda ke rungume da jaririyarta, ya kwance.

"Baba, ɗan riƙe min ita," ta ce, ta ɗora masa jaririyar a ƙirji.

Mai hoto ya danna.

Da safe Kwamared ya kwashe jaridun mai talla kaf, ya shigo yana rabawa tun daga bakin ƙofa, bai tsaya karantawa ba. Ga shi kuwa a shafin farko, a tsakiyar hoto, ya fi kowa girma. A ƙasa an rubuta: "Matan da suka jagoranci yajin masaƙa, tare da wani dattijo da ya zo taya su raino."