Yadda Za Ka Koma Makarantar Lauyoyi ta Coci da Zunubin Aro

Ya kai ɗalibin shari'a da ya kai aji biyu zanga-zanga ta rufe masa jami'a, wanda zuciyarsa ta fara leƙen makarantar cocin nan ta kan tudu, inda ake buɗe lacca da addu'a kuma a gama digiri kan kari: ka zo inda ya dace. Bi matakan nan. Na rantse da hular alƙali, shiga kam sai ka shiga. Abokina Kaggwa ne ya bi hanyar da ƙafarsa ina kallo, saboda haka ilmin nan gwadajje ne.

Mataki na 1: Ka gudu, amma ka ce kiranka aka yi

Ranar da ɗalibai suka fita titunan Kampala kan ƙarin kuɗin makaranta, Atim, shugabar ajinsu, tana sahun gaba. Kaggwa yana ɗaki, ya danna sakata, yana cin gurasar capati da ƙwai. Aka harba barkonon tsohuwa, wani ya cinna wa bas ɗin jami'a wuta, aka rufe makaranta, aka kama Atim da zargin ita ce. Kaggwa ya ɗaure kayansa.

Kada ka kuskura ka ce tsoro ne. Ka ce Ubangiji ya yi maka magana. Masana sun ce lauyan da zai kare talaka gobe, dole ya fara koyo da kare fatarsa yau.

Uwarsa, wadda tuni ta ɗinka rigar da za ta sa ranar yaye shi, ta ce, "Ɗana, ko Ubangiji ne ya kira ka, ko ɗan acaba, ni ba ruwana. Kawo mini digirin nan kafin rigar ta matse ni."

Mataki na 2: Ka yarda ba ka taɓa karatu ba

Za su dubi darussan da ka ci a can, su zubar da rabi, domin ba a yi musu baftisma ba. Ka maimaita aji kana murmushi. Aske gemu, ɗaura taye, cusa riga cikin wando. Duk wanda ya ce maka "Yabo ga Ubangiji," ka amsa da ƙarfi ko da bakinka cike yake da wake. Tambaya ka bar ta a bakin ƙofa tare da ɗan kunnenka.

Mataki na 3: Ka nemi zunubi mai nauyi

Nan ne gizo yake saƙa. Al'adar wurin ita ce kowane sabon shiga ya miƙe a taron zumunta, ya faɗi daga wane rami aka tsamo shi. Ramin da ya fi zurfi shi ya fi tafi. Wani ya ce da giyar waragi yake wanke baki da safe. Wata ta ce ta taɓa sayar da akuyar kawunta har sau biyu.

Kaggwa ya lalube rayuwarsa kaf, ya samu ya taɓa leƙen takardar wani a jarrabawa.

Tumwine, abokin ɗakinsa, ya kwashe da dariya. "Da wannan za ka tsaya gaban jama'a? Kai, ko kakata ta fi ka laifi, kuma ita ke share coci! Mutumina, wanda bai yi zunubi ba, daga me za a cece shi? Sai su ɗauka ɗan leƙen asiri ne kai."

Mataki na 4: In ba ka da naka, ari na wani

Kaggwa ya miƙe. Ya soma da batun jarrabawar, ya ga wani dattijo yana hamma. Sai bakinsa ya ƙwace masa.

"'Yan'uwa, bas ɗin nan da ta ƙone, ni ne."

Wuri ya yi tsit. Da ya ji daɗin shirun, sai ya ƙara gishiri: jarkar fetur, ashana, da Shaiɗan yana hura masa wuta a kunne. Coci ya ɗauki Haleluya. Rabaran Mugisa, shugaban sashen shari'a, ya rungume shi yana hawaye. Kafin wata ya mutu hotonsa na kan allon talla a bakin titi: ga mai ƙona mota ya zama mai haska duniya. 'Yan mata suka riƙa kawo masa matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa.

Ka lura da kyau, domin nan jinina yake tafasa. Ɗakin nan cike yake da malaman shari'a, masu koyar da adalci safe da yamma, suna kafa wa adalcin hujja da aya. Ba a samu ko ɗaya ba da ya ce, "To, in kai ne, wace ce waccan da ake tsare da ita?" Tuba suka zo kallo. Gaskiya ba ta cikin jadawali.

Mataki na 5: Ka manta cewa waya tana da ido

Wani ɗan'uwa mai himma ya ɗauki bidiyon ya watsa, don albarka ta kai ko'ina. Ta kuwa kai. Atim, da aka ba da belinta, ta iso ƙofar makaranta da sammacin kotu a hannu.

"Yabo ga Ubangiji, ɗan'uwa Kaggwa! Na ji ashe kai ne jarumin. Ni da na san ko fitila ba ka iya kunnawa."

"Atim, don Allah rage murya. Wannan magana ta coci ce."

"To yanzu ta zama ta kotu. Abin da ka faɗa wa Allah, zo ka maimaita wa majistare. Ita ba ta hawaye, amma tana rubutu."

Mataki na 6: Ka zaɓi ramin da za ka faɗa

In ka ce kai ne, kurkuku. In ka ce ba kai ba ne, ka yi ƙarya a ɗakin Allah. A kotu, Kaggwa ya dafa Littafi Mai Tsarki, ya dubi ɗan sandan da ke tsaye kusa, ya ce ƙarya ya yi.

Majistare ta sauke tabarau. "To ranar, kana ina?"

"A ɗaki, ranki ya daɗe."

"Kana me?"

"Ina cin capati."

Har ɗan sandan sai da ya juya baya yana dariya. Lauyan Atim, da ya so laifin ya koma kan Kaggwa, ya koma ya zauna. Shari'arta kuwa aka sake ɗage ta, kuma har yau ɗagewa ake yi.

Mataki na 7: Ka koma neman gafara

Kaggwa ya tafi ofishin Rabaran da ƙwarin gwiwa. Mutanen da suka yafe ƙona bas, ai ƙarya ba za ta gagare su ba. Ga shi ma ya zo da albishir, cewa ɗalibinsu ba mai laifi ba ne.

Rabaran Mugisa bai ba shi kujera ba. "Ka san mun kai labarinka gaban Bishop? Ka san iyaye nawa suka kawo 'ya'yansu saboda allon nan?"

"Baba, amma ai ban ƙona komai ba."

"Matsalar ke nan, ɗana. Motar da ka ƙona, Ubangiji ya yafe. Wadda ba ka ƙona ba kuwa, wannan sai kwamiti."

Kwamiti ya buɗe da addu'a, ya kore shi, ya rufe da addu'a. Allon ne kawai aka bari, domin an ce hoton ya fito da kyau.

Wanke hannu

Shiga na yi maka alkawari, kuma ka ga an shiga. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da bakinka. In an kore ka, ko an ɗaure ka, ko uwarka ta daina ɗaga wayarka kamar yadda ta Kaggwa ta yi, kada ka ambaci sunana gaban alƙali ko gaban fasto. Ban san ka ba. Kaggwa dai yana neman makaranta ta uku, kuma ya ce wannan karon hankalinsa a kwance yake: in aka ce ya miƙe a taron zumunta, zunubin da zai faɗa nasa ne na kansa.