Rasuwar Ɗan Maliya, Tabaran Nutson Tanimun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da ɗoyi ba, Tanimun mai nutso na Birnin Ƙonni yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da manoman albasa na bakin baraji, wato madatsar ruwa, rasuwar abokin zamansa, tabarau na nutso wanda aka fi sani da Ɗan Maliya. Rai ya yi halinsa ran Laraba da hantsi, a bakin aiki, bayan doguwar jinya.

Tanimun ya gamu da marigayin ne a gaɓar Bahar Maliya, shekarun da ya tafi cin rani ya samu aiki a jirgin masu nutso, waɗanda ke goya tukunyar iska su sauka tsintar shara a duwatsun murjani. Ta gilashin marigayin ya fara ganin garin da Allah ya gina ƙarƙashin ruwa: murjani mai rassa kamar magarya, kifaye masu launi kamar an zube atamfofi ran kasuwa, da wata tsohuwar kififiya da raga ta shaƙe wa wuya har ya yanke mata. Can ma akwai leda, amma ledar can da sauran kunya.

Da zaman ya ƙare, tukunyar ta tsaya wurin masu ita, marigayin ya biyo Tanimun gida naɗe cikin rawani. Daga ranar ya shiga wahala. Duk sa'ad da shara ta toshe bututun da ke kai ruwa garake, albasa ta soma langaɓewa, ƙofar Tanimun ake bugawa. Shi kuma ya manna marigayin a fuska, a ji tsut, ya cika ƙirji da iska ya nutse.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana, bai taɓa ƙin ruwa don launinsa ba. Aibinsa guda, bai iya ɓoye gaskiya ba. Duk abin da mutanen gari suka jefa suka juya baya, shi ya dube shi ido da ido: baƙar leda da abin da aka ƙulle a cikinta, robobin maganin ƙwari, tsohuwar katifa da ta yi gashi, allurai, hanjin kaji, da pampas ɗin jarirai da suka sha ruwa suka kumbura kamar fanke. Idon da ya ga murjani, a wannan kallo ya tsufa.

Cutar ajali ta fara da hazo a gilashi, sannan robar gefe ta dinga tsagewa. Ummusalma, uwargidan Tanimun, ta ɗinke masa maɗauri da tsohon tayan keke. Mai facin kabu-kabu ya shafa masa gam, ya girgiza kai, ya ce sai addu'a.

Ran Laraba ruwa ya ɗauke ƙaf, dashen bana na gab da ƙonewa. Tanimun ya sauka ya tarar da mushen akuya a bakin bututu, cikinta ya yi tulu, pampas sun liƙe ta ko'ina kamar an yi mata yaɓe. Ya kama ƙafa ya ja, ƙafar ta biyo hannunsa ita kaɗai. Ya koma ya rungumi sauran ya fizga. Akuyar ta ɓalle, ƙahonta ya sami gilashi. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙas. Abin da ya daɗe yana tare wa maigidansa ya shigo ta ido, ta hanci, ta baki. Manoma na kabbara ruwa ya taho, Tanimun na durƙushe a gaɓa yana amai. Har yau idanunsa jajur suke, kuma an daina kaɗa miyar kuɓewa a gidan.

Marigayin ya rasu ya bar tiyon shaƙar iska wanda ya toshe tun bara, da takalman iyo masu kama da ƙafar kwaɗo guda biyu, ɗaya gurgu, da Tanimun, wanda ya rantse ba ya ƙara shiga ruwan nan da ido tsirara. Ya kuma bar bututun, wanda aka ce tuni ya soma tari.

An yi wa marigayin wanka har sabulun gidan ya ƙare, warin bai fita ba. Ba za a binne shi ba, domin roba ce, ƙasa ba ta cin ta, kuma iyalinsa ba su cikin masu jefa gawa a ruwa. Za a rataye shi a ƙusa cikin zaure, fuskarsa na duban gabas.

Zaman makoki ran Asabar da safe a bakin baraji. Ba a bukatar goro ko dabino. Kowa ya zo da manjagara da buhu, mai raunin zuciya ya haɗo da lemun tsami. Mai akuyar kuwa, in yana jin wannan sanarwa, ya yi zamansa a gida. An yafe masa gaisuwar. Sauran magana, sai an haɗu gaban Allah.