Nomau da Takardun Sayar da Gida

A garin Kwarin Faru an yi wani mutum ana ce da shi Nomau. Ya haura shekara talatin, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Ga shi da son sanin abu, komai ya gani sai ya tambaya. Yana zaune da tsohuwarsa, Iya Tambai, a gidan da babansa ya bari can gangaren gari, inda kowace damina ruwa yake shigo musu har ɗaka. Bara ma sai da ya kwantar musu da katanga. Shi ya sa Iya ta ce a sayar da gidan kafin ruwa ya sauka, su koma kan tudu. Wani dillali mai suna Gwadabe ya samo mai saye, baƙo ne mai son kafa injin niƙa.

Wata rana Gwadabe ya ce, "Nomau, gobe ka kawo mini takardun gidanku duka." Nomau ya kwashe yini yana tattarawa. Da safe sai ga shi da buhu a ka. Ya zazzage a gaban dillali: tsohuwar kalanda, katin asibitin Iya, takardar da aka ƙunso tsire, har da kwalin ashana.

"Mene ne wannan?"

"Takardun gidanmu. Saura wadda muka toshe taga da ita, ita ma in ciro?"

Gwadabe ya tona cikin tarkacen har ya tsinci takardar filin, ta sha manja a gefe. Nomau ya leƙa ya ce, "Ikon Allah. Duk girman gidanmu a 'yar wannan yake?"

Wata rana kuma mai saye ya ce ba zai biya ba sai ya ga takardar ofishin wuta, wadda za ta nuna mitar gidan lafiyarta ƙalau. Nomau ya hau mota zuwa birni, ya bi layi har ya iso gaban wata ma'aikaciya mai tabarau. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Gidanku yana cin wuta sosai?"

"Yana cin wuta? Yanzu?"

"A'a, kowane wata nake nufi."

Nomau bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya fita a guje, ya faɗa mota, yana sauka ya fizge bokitin wata mata a bakin famfo. Iya tana tsakar gida tana kaɗa miya, sai jin ruwa ta yi a kan murhu. Ranar nan gayan tuwo suka ci, ba miya. Nomau kuwa ya zagaya gidan sau uku yana shinshina, yana mamakin irin wutar da take cin gida wata-wata ba hayaƙi.

Wata rana ya koma ofishin wuta. Ma'aikaciyar ta gane shi, ta ce, "Malam, saurara da kyau. Ka je ka ɗauko mini karatun mita kawai." Ya dawo gida, ya shimfiɗa tabarma a gindin mita, ya yi mata sallama, ya kasa kunne. Tun hantsi har la'asar ba ta ce uffan ba.

"Iya," ya ce, "ina jin wannan ba ta yi makaranta ba."

Kashegari ya kai wa ma'aikaciyar ƙarar mita. Matar ta yi dariya har sai da ta cire tabarau, sannan ta tura ma'aikaci ya zo ya duba da kansa. Aka ba su takarda mai hatimi.

Wata rana, ranar ciniki, Gwadabe da mai saye suka zo zaure da yarjejeniya a rubuce. Nomau ba ya karatu, don haka ya tambayi abin da takardar ta ce. Gwadabe ya karanta da sauri-sauri yana haɗiye kalmomi: "An sayar da gida da duk abin da ke cikinsa da abin da ke bayansa. Shi ke nan, dangwala nan."

Nomau ya ce, "Duk abin da ke cikinsa?"

"Haka ake rubutawa."

"Iya fa tana ciki."

Kafin su ba shi amsa ya shige. Sai ga shi ya sungumo Iya da tabarmarta da carbinta, ya dire ta a tsakiyar titi, tana ta salati tana dukansa da mafici. Ya koma ya jawo akuya, ya fito da turmi. Sannan ya tuna an ce har da abin da ke baya, ya ɗauki gatari ya zagaya zuwa garkar Iya da ke bayan gidan, ya kama haƙar gindin mangwaro don ya fitar da shi daga cinikin.

Jama'a suka taru. Mai unguwa ya iso yana tambayar ko lafiya.

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, "abin da ba na sayarwa ba nake fitarwa. Mangwaron nan ne ya ƙi tashi."

"Wa ya ce maka an sayar da garka?"

"Takarda ce ta ce."

Mai unguwa ya karɓi takardar ya karanta a hankali, da ƙarfi, kowa yana ji. Ashe Gwadabe ya cusa garkar a ciki, da rijiyarta da mangwaro bakwai, duk a kuɗin gida kaɗai. Garkar nan kuwa ita take ciyar da su rani da damina. Mai saye ya rantse shi an ce masa da yardar tsohuwa aka haɗa. Aka waiwaya neman Gwadabe, sai takalminsa ɗaya aka gani a ƙofar zaure.

Nan take mai unguwa ya sa aka sake rubutu, gida kaɗai, aka biya a gaban shaidu. Iya tana zaune a titi har yanzu, ta dubi ɗanta ta ce, "Allah ya yi maka albarka. To, mayar da ni ciki in haɗa kaya."

Nomau ya juya wajen mai saye ya ce, "Malam, gidanka ne yanzu. In na shigar da ita, za ka bar ni in fito da ita?"